Zakaran Mai Sabulu

Shekara goma sha biyar Mai Sabulu yana haɗa sabulu a bayan gidansa, yana buga wa kowane guda hoton zakara. Ranar da ya ga zakaransa a jikin sabulun wani a kasuwa, ko abinci ya kasa ci. Ya saka rigarsa ta fita kunya, ya nufi ofishin rajistar tambari yana huci.

Ma'aikaciyar ta ce sai an fara duba ko wani ya riga shi. Ta taɓa kwamfuta, ta juyo masa da ita.

"Baba, wannan ne zakaran naka?"

Shi ne kuwa, har karkataccen zankonsa. Wani kamfani ya yi masa rajista tun Mai Sabulu bai yi aure ba. Sai a lokacin ya tuna tsohon kwalin sabulun da ya kai wa mai sassaƙa hatimi, ya ce a yi masa irinsa sak.

"'Yata," in ji shi, "ashe ɓarawo ne ya kawo ƙarar ɓarawo."

Ya koma gida, ya kwana uku yana zana nasa zakaran da hannunsa. Da ya kai, ma'aikaciyar ta yaba kyan agwagwar. Bai musa ba, aka yi rajistar agwagwa.

Yanzu takardar tana rataye a shagonsa. Yakan nuna ta, ya ce: "Ga tambarina, halak malak. Shekara huɗu ina gadinsa, har yau ba wanda ya yi sha'awar sacewa."