Mantuwa Sau Biyu

Jama'a, a ba da hanya, ga Sarkin Maƙeran unguwar Ammariyya, Ammu Hizam, mai fada kamar akurki! Ɗan Yaman ne, gemu ja da lalle, kuma ranar Asabar ba ya hura wuta. An ce wani Bayahude ne ya raine shi a maƙera, daga baya Bayahuden ya yi ƙaura da alkawarin zai aiko a ɗauke shi.

Yana goge zobe yana gunaguni: "Wannan makon Yahudawa suke karanta labarin abokin kurkukun Annabi Yusufu, wanda ya fita ya manta da shi. Maigidana ya ce mantuwar biyu ce: ta ranar fita, da ta har abada."

Na ce, "Ammu, wataƙila jirginka na hanya!"

Bai ɗago ba. "Matsa, ka tare mini haske."