Aljanin da Ba Shi da Ƙeya

Gaskiya ni tatsuniyar kakata Hajiya Zuhra tsoro kawai take ba ni. A gidanmu na unguwar Zaitawa, da an idar da magariba take hura gawayi a kasko ta ɗora shayi mai kumfa irin na kakanninta, mu jikoki mu kewaye kaskon.

Wadda ta hana ni sakat ita ce ta aljanin rijiya da ba shi da ƙeya: gaba fuska, baya fuska. Lambobinsa ma haka, ko ta dama ka karanta ko ta hagu, duk ɗaya. Yakan zube dabino gaban mai ɗiban ruwa ya ce ta kasa shi daidai, ban da ɗai-ɗai, ban da tsibi guda. In an samu saura, ya ja ta ciki. Wata yarinya ya zuba wa 121. Ta gwada biyu, uku, biyar, bakwai, duk da saura. Har ya kama ƙafarta, sai ta kasa shi sha ɗaya-sha ɗaya, ta tsira. Ya ce zai dawo da 131.

"Ya dawo?" na ce.

"Uwar gaggawa! Yana hanya."

Ba a jima ba masu rigakafi suka rubuta lamba da alli a ƙofar zaurenmu: 131. Akwai rijiya a tsakar gidanmu, kuma ni ake sa ɗiba. Na tara tsakuwa 131 a bayan ɗaki, in kasa, in rushe, kullum da saura. Guga kuwa ko an dake ni ba na taɓawa.

Hajiya ce ta same ni ina kuka.

"Ba ta rabuwa, Hajiya!"

"Kin tabbata?"

"Ba abin da ban gwada ba."

"To, tashi ki faɗa masa."

Ta ja ni bakin rijiya, ta riƙe zanena ta baya. Na leƙa cikin duhun, na ce, "Ba ta rabuwa!" Na jira hannu ya fito. Bai fito ba.

Sai a sakandare na ji cewa akwai lambobin da ba mai raba su sai ɗaya da su kansu, kuma 131 na cikinsu. Ashe da gangan mugun ya zaɓe ta. Tun daga nan, duk wanda ya haɗa min tambaya da barazana, sai na duba ko tana da amsa kafin in fara kuka. In babu, a fuskarsa nake faɗa.