Waken Mai Gari da Igiyar Mantau

Ban taɓa mantawa da ranar da munka ci waken mai gari ba, ko na so mantawa ma mutanen Urafan ba za su bar ni ba. Ni ban wuce Fatiha da ƙulhuwallahu a allo ba, amma abin da na karanta a bakin rijiya ran nan, ku buɗe kunne.

Bazara ce, cikin watan Sha'aban, muna haƙa rijiya a wani ƙauye yamma da Urafan, mun kai gaba goma sha takwas. Ga yadda aikin yake: akwai sarkin haƙa, namu Baba Jatau ne, shi ke da magana. Akwai mai shiga, wanda ake ɗaura wa igiyar kaba a ƙugu a zura shi da dagi, shi ne Mantau. Sai masu igiya biyu, ni da Ɗan Tani. Dokar Baba Jatau ɗaya ce: da safe fura mai ruwa-ruwa kawai, abinci mai nauyi sai bayan la'asar, a zaune, a tauna.

Ran nan da hantsi sai ga akushi uku na wake daga gidan mai gari, shi kansa yana biye yana taƙama. Baba Jatau ya sansana ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ya kwana."

"Na suna ne, shekaranjiya," in ji mai gari. "An ɗumama, an zuba mai. Ko kun fi ƙarfin abincin gidana ne?"

Kun san baƙo ba ya mai da akushin mai gida. Baba Jatau ya taɓa loma ɗaya don kunya, Ɗan Tani ya ci nasa. Mantau yana ƙasa, Allah ya tsare shi. Ni kuwa, ɗan banza, na ga mai yana ƙyalli. Na tsaya a tsaye ina aunawa kamar za a ƙwace, waken ko kanwa bai gani ba, ga tauri ga tsami. Na bi shi da ruwan ƙarshen tafki wanda shanu sunka dama.

Baba Jatau ya ce a huta sai cikin mutane ya kwanta. Mai gari ya ce, "Hutu? Garkuna uku na jiran ruwa, ku ci nawa ku kwanta?"

Munka koma igiya. Kusan azahar cikina ya kumbura kamar salka, yana ƙugi. Daidai nan Mantau ya yi ihu daga ƙasa: yashi na zubowa, a ja shi! Munka fara ja. Yana tsakiyar rami, Ɗan Tani ya ce mini, "Bawa, wallahi ba ni iyawa," ya saki ya ruga bayan geza. Baba Jatau tsoho ne, hannunsa ɗaya shanyayye. Saura ni kaɗai, da mutum a rataye, da murɗa tana yanka ni kamar wuƙa.

Na naɗe igiya a damtse, na kafa dugadugi. Abin da zai fito ya fito, a gaban mata masu kallo. Ban saki ba sai da wasu makiyaya biyu sunka sheƙo sunka kama, anka fiddo Mantau, yashi har cikin kunnuwa.

Kun san abin da mai gari ya yi? Dariya, har da riƙe ciki! Ya ce, "A ba Sarkin Wando ruwa." Sunan ya bi ni har yau. Babu wanda ya tambayi wa ya kawo ruɓaɓɓen wake, wa ya hana hutu. Fatar hannuna ta sale, kwana huɗu ina shan jiƙon tsamiya da kunu zalla, mai gari kuwa ko sannu. Allah ya isa!

To ku masu igiya na yanzu, abin da ya kwana ya yi tsami, ku bar shi ko daga gidan wa ya fito. Wake a jiƙa, a sa kanwa, ya dahu lugub. Ku zauna ku tauna, ku sha ruwan rijiya, ku huta kafin ku kama aiki. Cikin mai igiya ba nasa ba ne shi kaɗai, da ran wani a ciki. Masu abinci za su yi fushi, su yi. Mantau yana da jikoki bakwai a Bawdeta, kuma duk Urafan shi kaɗai ne yake kirana Bawa.