Kayen da Ba a Sa a Waƙa Ba

Maikano ɗan Arzika mutumin Ɗan Kassari ne, amma a Dogon Dutsi ya yi yawancin rayuwarsa, can kuma aka binne shi. Sana'arsa haƙar rijiya. Gajere ne mai faɗin ƙirji, wuyansa da kansa kusan kaurinsu ɗaya, in yana tafiya ƙafafunsa a buɗe kamar wanda ya yini bisa raƙumi. Ya shiga kokawa a kakar 1924, ya ajiye ta a kakar 1943, kuma cikin waɗannan shekaru goma sha tara, daga Dogon Kiriya har Tibiri, babu wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa, ko da gwiwarsa. Dukiyarsa ke nan gaba ɗaya. Ba shi da saniya, jakinsa ɗaya ne, shi ma mai ido ɗaya. Amma duk fagen da Issa makaɗi ya hango shi, ko yana cikin ƴan kallo da goro a kumatu, sai ya juyo da ganga ya ce, "Maikano na Sa'a, yashi bai san bayanka ba!" Shi kuwa sai ya yi kamar bai ji ba, ya gyara zama yadda kowa zai gan shi da kyau.

Sa'a matarsa ce. Ita takan ce yashi bai samu sanin bayan ba ne don tabarma ta riga ta mallake shi.

A 1955 aka kawo wani Nasara mai kula da rijiyoyi, saurayi dogo mai jan wuya, sunansa Rene, Maikano ya zama babban ma'aikacinsa. Hausar Rene ba ta wuce ta bakin rijiya ba: igiya, guga, maza. Kalmar da ya fi so ita ce "a sake", shi ya sa gari ya raɗa masa Mushe Asake, wato Malam Asake a bakin mutanen Faransa. Yana da wani akwatin ɗaukar silima da ya saya da guminsa kafin ya baro ƙasarsu. Ba gwamnati ta aiko shi da shi ba. Kumandan ma, Nasaran da ke mulkin yankin, da ya gani, cewa ya yi ya mai da hankali ga ramukansa. Shi dai Rene ya ga kokawa sau ɗaya ranar kasuwa, ta shiga ransa, ya rantse sai ya ɗauke ta ya kai wa mutanen garinsu.

Akwatin nan yana da hali. Ba ya ɗaukar murya. Ana murɗa masa makulli a gefe kamar agogon bango, ya yi ta ƙara kirrr har sakan ashirin da biyu, sai ya tsaya a sake murɗawa. Naɗin fim shida Rene ya zo da su, kowane bai cika minti uku ba, kuma babu inda za a samo wani kusa.

Kokawar wancan zamani kuwa ba ta san sakan ashirin da biyu ba. Ƙato zai shigo ya ɗaura laya, ya kwance, ya sake ɗaurawa, ya ɗebi yashi ya yi masa raɗa, ya zagaya fage sau uku yana kirari. In an haɗu kuma, sai a jingina kai da kai a tsaya kamar raguna biyu da suka manta abin da ya haɗa su, har mace ta iya gama tuƙin tuwo. Kaye kuwa ƙiftawar ido ne. Cikin Juma'a biyu Rene ya ƙone naɗi huɗu, bai samu kaye ko ɗaya ba. Da akwati ya yi shiru sai mutum ya faɗi.

Nan Maikano ya ga ɓarnar ta isa. Dama shi ke ɗaukar ƙafafun akwatin guda uku a kafaɗa, sai ya ƙara wa kansa aiki. Ya ce zai tsaya a hagun Rene ya riƙe masa gwiwar hannu, in kaye ya kusa ya matsa, shi kuma ya kunna. Rene ya tambaye shi ta yaya zai sani. Maikano ya tuɓe takalmi ya nuna masa babban yatsan ƙafa. Ɗan kokawa yana iya yin ƙarya da ido, da kafaɗa, da hannu, amma in zai ɗauki mutum da gaske sai ya kafa babban yatsansa cikin yashi. Suka gwada da ƙananan ƴan kokawa ba tare da fim ba, sau bakwai, Maikano bai kuskure ko sau ɗaya ba.

Ranar Juma'a tara ga Disamba aka yi babbar haɗuwa. Mani na Dutsi, ɗan shekara ashirin da huɗu wanda ba a kada shi ba duk kakar, da Buba na Sukukutane, gajere mai kauri kamar turmi. Rene ya ɗauki shigowarsu, ya ɗauki makaɗa, ya ɗauki zagaye, sannan ya murɗa makulli ya sa ido a akwati yana jiran matsi. Aka jingina kai. Aka daɗe. Can Maikano ya ga yatsan Mani ya nutse cikin yashi.

Sai ya saki hannun Nasara, ya daka tsalle, ya kwarara ihu: "Ta hagu, ɗan banza! Ɗauki ta hagu!"

Mani ya ɗauki ta hagu. Buba ya ji ƙasa. Fage ya kaure da guɗa, Rene kuwa yana nan duƙe, ido a akwati, yana jiran a matsa masa hannu. Da ya ɗago ya ga abin da ya faru, sai ya kunna ya ɗauki Mani bisa kafaɗun mutane, har fim ya rage na murɗa ɗaya tak.

"A sake," in ji Rene.

Aka yi dariyar da har makaɗa suka ajiye ganga. Maikano ya je ya isar wa Buba saƙo, kansa a sunkuye.

"Ka ce ma Nasaranka in shina son kaye, shi tuɓe shi shigo," in ji Buba. Ya tsinke gurunsa da layun damtsensa ya watsar a fage, ya ce bokan da ya haɗa su ɓarawo ne, ya sa riga ya kama hanyar Sukukutane.

Rene ya tsaya yana duban layun, ya dubi Maikano, ya zagaya bayansa ya sake dubawa. In an duba ta baya, gajere mai kauri duk ɗaya ne. Ya tsince layun ya miƙa masa.

"Kai Buba. Gobe. Kai faɗi. Wasa kawai."

Da wani ne ya ɓata aikin, da Maikano ya yi dariya ya tafi gida. Amma shi aka ba hannu ya riƙe ya saki, kuma a aikin rijiya mutumin da ya saki igiya ba a ƙara sauraron bakinsa. Ya karɓi layun.

Daga nan ya shiga neman sauƙi. Ya ce a je bayan dutse a yi su uku, Rene ya ce dole a ga taro a hoto. Ya ce to a yi ba kiɗa, tunda akwatin kurma ne, Mani ya ce shi ƙafarsa ba ta motsi sai da ganga. Sai Maikano ya nufi gidan Usman, tsohon da ke raba gardama a fage, ya zauna ya yi ta bayani har tsohon ya gaji.

"To, na ji," in ji Usman. "Kayen akwati ba kaye ba ne. Gobe zan faɗa gaban kowa. Tashi ka ba ni wuri in yi alwala."

Issa makaɗi bai yi wannan sauƙin ba. "Ni gangata ba ta san akwati ba, Maikano. Shekara talatin ina faɗin abin da idona ya gani. In na ga yashi a bayanka, mi zan ce? In ce gari ne?"

A gida Sa'a tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba. "Usman ya yanke, to madalla. Sai ka tahi bakin rijiya ka gaya wa mata Usman ya yanke. Ni dai kada ka shigo mini ɗaki da yashin, na share."

Washegari da hantsi, taron da ya zo ya fi na Juma'a. Masu awo sun rufe buhu, mata sun bar tuluna a layi, wani kuturu ma ya sa an kawo shi a kan jaki. Kowa ya zo ganin abin da ba a gani ba tun 1924. Usman ya tashi ya faɗi hukuncinsa, aka saurare shi da ladabi, babu wanda ya koma gida.

Maikano, a faɗi gaskiya, ya zo da niyyar faɗuwa. Ya ɗaura gurun Buba a kan tumbinsa na ɗan shekara arba'in da tara, sai da aka ƙara masa igiya. Ya zagaya fage ya zaɓi wuri mai laushi, ya tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, ya baje yashi da tafin hannu kamar mai shimfiɗa wa baƙo. Rene ya tsara musu: Mani zai kama ƙafar hagu, Maikano ya juya wa akwati baya, a ƙirga uku, ya kwanta.

"Baba, a hankali zan aje ka," in ji Mani. "Kamar ƙwai."

"Aje uwarka kamar ƙwai. Kama mu gama."

Issa ya saki kiɗa. Akwati ya fara kirrr. Mani ya duƙa ya miƙa hannu, jiki a sake, ba tsaro, tunda wasa ne. Yatsunsa suka taɓa ƙwaurin Maikano. Maikano yana ƙirga ɗaya a zuciyarsa, amma ƙafar ba ta saurare shi ba. Ta ja baya da kanta, ƙugunsa ya shige ƙarƙashin cikin yaron, hannunsa ya sami ɗamarar warki, sai ga Mani a sama, ƙafafu suna harbin iska. Ya sauka da baya, tim, daidai wurin nan mai laushi da aka tsince wa tsakuwa.

Fage ya yi tsit, ba abin da ake ji sai ƙarar akwati, ita ma ta tsaya. A cikin shirun nan Maikano ya ji abin da shi kaɗai ya ji: wani abu ya ce ƙas a ƙasan gadon bayansa. Ya yi ƙoƙarin miƙewa, bayan ya ƙi. Sai ya tsaya a duƙe, hannu bisa gwiwa, yana zare ido, mutane suka ɗauka tsayuwar barazana ce.

Mani ya tashi, yashi har cikin kunne, idonsa ja. "Ramuwa! Yanzu, a nan! Tsohon nan ya cuce ni!"

Taro ya ɗauka, "Ramuwa! Ramuwa!" Wanda aka kada in ya nemi ramuwa a fage, mai ƙi ya gudu ke nan, kuma gudu ya fi kaye muni. Maikano ya san ko akuya ta tunkuɗe shi a lokacin sai ya kwanta. A gefe kuma ga Issa ya ɗaga makaɗin gangarsa, ƙirjinsa cike da iska, bakinsa ɗauke da kirarin da ba a taɓa yi wa kowa ba a Arewa: tsoho mai shekara arba'in da tara ya kada zakaran kaka cikin ƙirga ɗaya. Maikano ya ga kirarin nan yana zuwa, ya ji daɗinsa tun bai fito ba.

"Wace ramuwa?" ya ce da ƙarfi. "An yi kaye ne? Baba Usman, mi ka ce ɗazu?"

"Na ce kayen akwati ba kaye ba ne."

"To, kun ji."

"Ni na ga yashi a bayan Mani," in ji Issa.

"Ka gani. Wa ya kada shi? Layun wa ke jikina? Tahi Sukukutane ka yi ma Buba waƙa."

Issa ya matso kusa, ya dubi gumin da ke tsiyaya a goshinsa, ya rage murya. "In na rera, akwai ramuwa. In na haɗiye, na haɗiye ke nan har abada. Zaɓi, na Sa'a."

Maikano ya rufe ido. "Haɗiye, don Allah."

Issa ya sauke makaɗi. Mani ya tsaya yana huci, sai a hankali lissafi ya zo masa: in ba kaye ba ne, shi ma ba a kada shi ba. Ya kakkaɓe kunne ya ce ai dama shi ya ba da jiki don hoton ya yi kyau. Rene ya ce "a sake" saboda sabo, amma fim ya ƙare. Daga baya ya ce ba komai, zai sa hoton Mani bisa kafaɗu a farko, kaye a ƙarshe, mutanen garinsu ba za su sani ba.

Maikano ya rungumi ƙafafun akwatin nan uku ya dogara da su, wai yana gadi, har fage ya watse. Sa'a ce ta zo da jaki, da suka kai ƙofar gida ta tambaye shi ko a ɗauko Nasara ya ɗauki saukowarsa.

An ɗauke Rene daga Dutsi a damanar 1956, kuma babu wanda ya taɓa ganin fim ɗin a ƙasar nan. Buba dai ya samu labari, ya rayu yana gaya wa mutanen Sukukutane cewa a Faransa shi ya yi nasara. Maikano bai ƙara sauka rijiya ba. Ya koma tsayawa a baki yana ba da umarni, kuma ya fi iya wannan. Ya rasu a 1972.

A shekarunsa na ƙarshe yakan zauna gindin wata bishiyar bedi kusa da masu nama, ya ba duk wanda ya tsaya labarin kayen, yana nuna yadda ƙugu ya shiga da yadda ƙafafu suka harbi iska. Mani kuwa ya zama mahauci, rumfarsa taku ashirin daga nan. Wata rana yana cikin labari bai lura ba, Mani, wanda shi ma furfura ta fara masa, ya tsaya a kansa da cinyar saniya a kafaɗa.

"Baba, in kaye ne, ina nan fa. Ramuwata ba ta ruɓe ba."

"Wasa ne, ɗana," in ji Maikano. "Wasa. Yau akwai hanta?"