Amin Ɗin Da Inna Ta Hana

Akwai wani dattijo a cocinmu na garin Isa wanda har yau in na tuna shi sai in ji tsaki ya zo mini. Mu Kiristocin garin 'yan gidaje ne kawai, don haka duk abin da ya taso shi ake kira. Mutumin nan ba ya gardama da kowa, wayonsa ya wuce nan. Zai bar kowa ya yi ta zuba har ya gaji, sannan ya ce a rufe ido a yi addu'a. A cikin addu'ar zai sauke hukuncin da ya ɗauko tun daga gida, ya jingina wa Allah. Ido a rufe, wa zai ce a'a? Da ka ce amin, ka yarda ke nan.

Ina da shekara goma sha biyar babanmu ya rasu. Kafinta ne, tun yana saurayi ya zo daga ƙasar Zuru, mu huɗu duk a Isa aka haife mu. Bayan an share makoki ƙanensa, baffanmu, ya kawo magana ɗaya: Inna ta kwashe mu a koma ƙauye, a rarraba mu gidajen dangi. Na san in na tafi, ni da makaranta sai dai labari. Ga gero ya fito a gonar da wani maƙwabcinmu musulmi ya ara wa Baba a hanyar Turba.

Inna ta roƙi mako guda ta yi addu'a. Addu'arta ba ta da ado. Da asuba takan durƙusa kusa da turmi, ta yi ta magana ƙasa-ƙasa, wani lokaci ma kukan ne kawai.

Ranar Lahadi bayan sujada aka taru a tsakar gidanmu. Dattijo ya shigo yana baza babbar riga, Littafi Mai Tsarki a hammata, fuska a sunkuye wai shi mai tawali'u. Kowa ya san baffa ya kai masa ziyara sau biyu a makon, amma ya zauna yana gyaɗa kai kamar yau ya fara jin zancen. Inna ko bakin kirki ba a bari ta buɗe ba, ya ce mu rufe ido.

"Ya Ubangiji, mun gode da kan nuna muna hanya sarai. Mun gode da kab buɗe ma ɗiyarka ƙofa ta koma cikin dangin mijinta. Ka kai su lahiya, cikin sunan Yesu."

Amin ta tashi daga kowane gefe. Ni ma bakina ya suɓuce na faɗa, abin da har yau nake jin haushin kaina a kai. Sai muryar Inna ta biyo baya.

"Baba, ni ban ce amin ba."

Dattijo ya buɗe ido. "Mi kic ce?"

"Nic ce ban ce amin ba. Kwana bakwai ina gabanai, bai ce min in tahi ba. Kai yaushe yah hwaɗa maka?"

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, sai ya hau wa'azin biyayya, yana buga Littafin a cinya, miyau na tsalle. Inna ta bar shi ya gama, ta ce, "Ba za ni ko'ina ba, ɗiyana ma haka." Kashegari baffa ya kama hanya shi kaɗai, ya haɗa da zarto da gudumar Baba, ko sallama bai yi ba. Matan coci ma suka daɗe ba sa zama benci ɗaya da ita, su da suka fi kowa rera waƙar ƙauna.

Ranar Asabar muna tafiya gona noman farko, ni da ita, na kasa haƙuri.

"Inna, to mi Allah yac ce miki?"

Ta ƙara 'yan taku gaba. Da ta juyo, idonta ya kawo ruwa.

"Bai ce komi ba. Tsoro nika ji har yanzu, ban san abin da za ni ciyar da ku ba. Amma ba ni sa mai magana ga baki."

Ta sauke hauya daga kafaɗa, ta shiga kunyar farko.