Baba Atumane da Fanal Ɗinsa

Kullum da la'asar Baba Atumane Sualehe yakan hau hasumiyar fitila da ke tsibirin gaban garinmu, ya goge gishirin teku daga gilashi, ya zauna jiran faɗuwar rana. Haka muka taso muka same shi, sai bana ya ajiye aiki. Kowa a nan farol yake ce wa hasumiyar, da Fotugis ɗin makaranta. Shi kaɗai ke cewa fanal, kuma da yake bai cika shigowa gari ba, ba mu sani ba.

Shekarar da guguwa ta yaye rufin kasuwar kifi, ya aiko Ussene masunci da saƙo: Fanal ba lafiya, a kawo ɗauki kafin magariba.

"Wace ce kuma Fanal?" in ji Muanacha ungozoma. "Tsohon nan aure ya yi a ɓoye?"

"Ni dai ban ga mace ba," in ji Ussene. "Ƙila aljana ce."

"Kai ne dai aljanin. Tuƙa mu."

Muka bi Muanacha muka haye tsibirin da jakar magani da tukunyar kunu. Muka tarar da shi jiƙe sharkaf. Iska ta fasa gilashi, fitila ta mutu, ga jiragen masunta ba su dawo ba, har da na ɗan Muanacha.

"Baba, ina marar lafiyar?" in ji Muanacha.

Ya nuna sama.

Ba wanda ya samu bakin dariya. Ya sa muka tara ɓawon kwakwa a kan dutse, ya hura wuta, muka yi ta zuba mata har jirgi na ƙarshe ya kauce wa duwatsu ya shigo.

Da safe na tambaye shi ma'anar fanal. Ya ce, "Tsohuwar kalmar mawaƙa ce, 'yata. Wutar da ake hurawa a gaɓa don masu jirgi. Haka wanda ya koya mini aiki yake faɗa. Har mutum akan kira da ita in yana nuna hanya."

"To hasumiyar ce, ko wutar, ko mutumin?"

"Sha kununki."

Har yau ban rarrabe ba. A kasuwa ma akwai masu rantsuwa cewa akwai mace a tsibirin.

Baba Atumane, kai ne ka kwana kai kaɗai shekara da shekaru don mazan wasu su kwana a gida. Mun gode, Allah ya saka. Duk wanda aka ba aikin da ba mai gani, ya riƙe shi kamar yadda ka riƙe naka.