Kunkuru da Allurarsa

Ni na laƙaba wa ƙanina sunan Kunkuru tun muna yara, kuma har yau ban yi nadama ba. Yaro ne da idan aka aike mu shago tare, sai in je in dawo in tarar bai gama neman takalminsa ba. Abinci kuwa, kowa ya wanke hannu ya tashi, shi yana nan yana tauna abinsa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Mama ba ta taɓa yi masa faɗa a kan wannan nawar ba. Ni da nake dawowa a guje da aika a hannu, abin da nake samu shi ne, "Kai dai ba ka da natsuwa, dubi yadda ka zubar da rabin man." Shi kuma ya iso bayan an gama girkin, a ce masa sannu da zuwa.

Da muka girma ni na fara shiga tuƙi, kuma ni na koya masa. Na sha wuya a kansa. Kafin ya ɗaga ƙafa daga kan birki sai ya duba madubin dama, ya duba na hagu, ya sake duba na dama, kai ka ce wani ya musanya su. Na rantse wa abokaina cewa wannan ba zai taɓa cin abinci da mota ba. Ga shi yau tashar mota ɗaya muke lodi, hanya ɗaya muke bi zuwa babban birni, kuma akwai fasinjojin da za su ga motata ta kusa cika su ja gefe su zauna a kan jakarsu, wai suna jiran ta Kunkuru. Tsofaffi ne, da masu ciki, da wata mata mai sayar da ƙwai wadda ko kallon motata ba ta yi. Ina dariya a gabansu, amma abin yana cina.

Idan ka leƙa motarsa ba za ka ga komai na burgewa ba. Babu kwalliya, babu rediyo mai ƙara. Akwai dai farin ƙyalle a ninke a gefen giya, wanda yake goge gilashin mitar gudu da shi kowace safiya kafin ya goge na gaba. A kan gilashin mitar ya manna wani siririn jan salatef daidai kan ɗari. Allurar mitar tana kusantar salatef ɗin, ƙafarsa tana saki. Ko da hanya ta miƙe babu kowa, ko da fasinja yana tsaki yana duba agogo, allurar Kunkuru ba ta taɓa shafar jan nan.

Shekarar da aka kakkafa kyamarorin kama masu gudu a babbar hanya, rumfar direbobi ta koma makaranta. Kowa da lissafinsa. Wani ya ce kyamara ba ta kama mutum sai ya haura ƙa'idar ɗari da biyar, wani ya ce da goma, wani ya rantse cewa ɗan'uwan matarsa yana aiki a ofishin kuma ya faɗa masa adadin, sai dai ba zai faɗa mana ba. Ni ban tsaya ga jita-jita ba. Na kunna taswirar wayata, wadda take nuna gudun da mutum yake yi, na kwatanta da allurar motata. Sai na gano allura tana ƙara gishiri: idan ta ce ɗari, gaskiyar gudun bai kai ba, da saura kamar shida ko bakwai. Na ce madalla, ga rangwame guda daga allura, ga wani daga kyamara. Na haɗa su biyun na mayar da su nawa. Daga ranar nake wuce kyamara allurata tana kan ɗari da goma, ina ɗaga mata hannu, kuma ba a taɓa aiko mini da tara ba.

Na kira Kunkuru gefe, a matsayina na yayansa, na koya masa wannan ilimi kyauta.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Na sani, Yaya. Tawa ma tana ƙarawa."

"Ka sani kake rarrafe a titi?"

"Ai ragin nan ba nawa ba ne. Na ranar da ƙafa ta yi nauyi ban lura ba ne. In na cinye shi kullum, ranar da nake buƙata ba zan same shi ba."

Na ce masa ya je ya buɗe wa'azi. Wani dattijon direba da yake shan shayi kusa da mu ya gyaɗa kai ya ce yaron nan yana da hankali. Ni na gano lissafin, ni na gwada shi a titi, amma wanda aka yaba shi ne wanda ya ƙi amfani da shi. Haka rayuwarmu take tun farko.

Abu ɗaya nake da shi wanda Kunkuru ba shi da shi. Tun bayan rasuwar Baba, Mama tana zuwa asibitin babban birni kowane wata saboda gwiwarta da hawan jini, kuma ni nake kai ta. Ba a taɓa yin shawara a kai ba, ni ne babba. Ranar asibiti ba na lodi. Ina wanke mota tun jijjifi, in fesa turare, in buɗe mata ƙofar gaba da kaina. Idan muka isa, takan ce wa ma'aikaciyar da take karɓar kati, "Babban ɗana ne ya kawo ni." Wannan kalmar nake tafiya da ita har wata ya zagayo. Kunkuru ya riƙe tsofaffinsa da mai ƙwansa, Mama dai a motata take zama, kuma muna isa kafin layi ya yi tsawo.

Akwai ɗan mariƙin nan da yake saman ƙofa, wanda fasinja yake kamawa. Na gefen Mama a motata ya yi ta ba ni matsala. Fatarsa ta goge, ƙusarsa tana kwancewa. Na kai wa bakanike ya ɗaure, bayan 'yan watanni ya sake yin laƙo-laƙo. Na zagi kamfanin da ya ƙera motar, na ce kayan yanzu duk ba su da ƙarko.

Da tayoyina suka suɗe, mai taya ya nuna mini wasu masu kauri da tsayi, ya ce da su ramukan hanyar ƙauye ba za su riƙa dukan cikin mota ba. Suna da kyau, mota ta ɗaga ta yi kwarjini. Na shigo tasha da su ina jin kaina, direbobi suka taru suna bubbuga su da ƙafa suna sa albarka. Kunkuru ya zo daga baya, kamar kullum. Ya durƙusa ya karanta lambobin da suke jikin tayar, ya daɗe a durƙushe.

"Yaya, waɗannan sun fi na da tsayi."

"Ido gare ni, na gani."

"Juyi ɗaya nasu ya fi na waɗancan cin ƙasa. Allura kuwa juyin taya take ƙirgawa, ba ta san an canza ba. Ƙarin nan da take maka zai tafi. Ka sake gwadawa da waya kafin ka hau hanya."

A gaban mutane ya faɗa. Da wani ne daban, wataƙila da na gwada, abin ba ya ɗaukar minti biyar. Amma yaron da na koya wa riƙe sitiyari, ya durƙusa gaban sababbin tayoyina yana neman aibi, kowa yana ji? Na ce masa hassada ce, ya je ya goge salatef ɗinsa. Ya miƙe ya kaɗe gwiwar wandonsa ya tafi.

Na ci gaba da ɗari da gomata. Allura tana inda na saba ganinta, hankalina a kwance. Ashe ta daina ƙara mini komai, ɗari da gomanta ɗari da goma ne cif, har da ɗan ɗori. Kyamara kuma ba ta yin sallama. Saƙonnin tara ba su fara shigowa wayata ba sai bayan kwanaki, kuma da suka fara sai suka zo a jere, kowace kyamara a hanyar ta san lambata, zuwa da dawowa. A ofishin kula da hanya wani jami'i mai sanyin murya ya karɓi lasisina, ya ce sai bayan wata uku. Na yi masa bayanin taya da allura da rangwame. Ya ce, "Malam, abin da aka rubuta a allo ɗari ne."

Ban damu da dariyar tasha ba, na san bakinsu. Ranar asibitin Mama ce ta hana ni cin abinci.

Da safiyar ranar na je gidan Mama a ƙafa, na tarar da motar Kunkuru a ƙofa, yana goge gilashin mitarsa. Ya gaishe ni da ladabi, abin da ya ƙara ba ni haushi. Na ce zan raka su, domin wani ya riƙe Mama a matakalar asibiti. Da ta fito na yi sauri na buɗe mata ƙofar gaba.

Ta ce, "A'a, baya zan zauna in miƙe ƙafata. Zo ka zauna kusa da ni."

"Mama, ai ke 'yar gaba ce. Ba ki taɓa zama a baya ba."

"A motarka kenan. Can gara ina gaba, in riƙa hango abin da yake zuwa in yi addu'a kafin mu kai gare shi."

Ta faɗa tana gyara mayafi, ba da niyyar komai ba. Kunkuru ya yi kamar bai ji ba, ya shiga duba madubansa.

Muka hau hanya. Daga kujerar baya ina hango allurarsa tana hawa a hankali, ta tsaya ƙasa da jan salatef. Motoci suna wuce mu, har wata tsohuwar akori-kura mai ɗauke da katako. Ƙafata tana danna ƙasa da kanta tana neman totur. Na zaro waya na kunna taswira, ta nuna casa'in da 'yan kai. Na buɗe baki zan ce masa ko kyamara ma kunyarsa take ji, sai na ji nauyi a kafaɗata.

Mama ce. Ta yi barci, bakinta a ɗan buɗe, carbinta ya zame kan cinyarta. Hannuwanta biyu suna kwance a jikinta. Na ɗaga kai na dubi mariƙin da yake saman ƙofar Kunkuru, yana nan sabo fil da ledarsa. Shekara da shekaru ina kai ta asibiti, ban taɓa ganin ta rufe ido a mota ba. Ban ma taɓa ganin hannunta na dama a ƙasa ba, kullum yana sama a maƙale, ni kuma ina cewa gwiwa ce take damunta. Ashe ita ce take kwance ƙusar nan da nake zagin kamfani a kanta.

Muka haɗa ido da Kunkuru ta madubi. Ya ɗora yatsa a leɓensa. Ni, yayansa, yake ce wa in yi shiru, kuma dole na yi. Kafaɗata ta sage tun kafin rabin hanya, ban motsa ba.

Mun tarar da layi ya yi tsawo, na ji daɗin hakan, na kuma faɗa da ƙarfi. Amma da aka auna jininta, ma'aikaciyar ta ce yau ya yi kyau, me Hajiya ta canza? Mama ta ce ba ta canza komai ba, ta dai yi barci a hanya. Sannan ta ƙara da cewa, "Ƙaramin ne ya kawo ni, ban ma san mun iso ba."

Wata ukun suka wuce, aka mayar mini da lasisina. Na cire dogayen tayoyin na sa irin na da. Na kai mariƙin aka saka sabo. Har salatef na saya, baƙi, wanda ba ya nunawa daga waje, na manna a kan ɗari ba tare da na faɗa wa kowa ba. Ranar asibiti na wanke mota na fesa turare, na isa gidan da wuri, na riga Kunkuru, kamar yadda na saba riga shi komai a duniya. Na buɗe ƙofar baya, ba ta gaba ba, domin Mama ta ga na gane.

Ta fito ta dubi motar ta yaba wankin. Ta ce Allah ya yi albarka, ya tsare gaba. Sannan ta zauna a kan ɗan bencin ƙofar gida ta ɗora jakarta a cinya.

"Mama, mu tafi mana."

"Bari ɗan'uwanka ya iso, yana hanya. Ka ajiye taka a inuwa, ka zo mu zauna a baya. Kafaɗarka ta fi tasa faɗi."

Na gyara fakin a ƙarƙashin bishiya, na kashe mota, na zo na zauna kusa da ita. Muka zuba wa kan layi ido muna jiran Kunkuru, wanda ya makara kamar kullum.